Shiga ba sallama: me ke sa 'yan sandan Amurka ɓalle ƙofa a kan laifin da ba na jini ba?

Idan alƙali ya sa hannu a takardar da ta ba 'yan sanda izinin bincika gidan mutum, shin ya ba su izinin ɓalle masa ƙofa da tsakar dare su shiga da bindigogin yaƙi, ko da abin da ake zarginsa da shi bai wuce caca ko ƙullin wiwi ba? Wannan tambaya ta hana Amurka sakat tun daren 13 ga Maris 2020, lokacin da aka harbe Breonna Taylor, ma'aikaciyar asibiti mai shekara 26, a cikin gidanta a birnin Louisville na jihar Kentucky.

Da yawa daga cikinmu da muka bi labarin daga nesa mun haɗa shi da na George Floyd, muka ce duk kanwar ja ce, wato ɗan sanda farar fata ya kashe baƙar fata. Akwai wariyar launi a ciki, za mu zo kanta. Amma akwai bambancin da ya kamata a kula da shi. Abin da ya faru a gidan Taylor bai taso daga cacar baki a kan titi ba. A ofis aka tsara shi tun kafin ranar, da takardar rantsuwa da sa hannun alƙali da rabon aiki. Saboda haka wanda ke son ya fahimci lamarin sai ya koma can baya, tun kafin a taɓa ƙofar.

Mene ne waranti, kuma me ya ƙunsa?

Gyara na huɗu na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya fara aiki a 1791, ya hana hukuma bincika gidan mutum ko kayansa ba bisa ƙa'ida ba. Idan ana son bincike, ɗan sanda zai rubuta takarda ya rantse cewa yana da dalili mai ƙarfi na zaton za a sami shaidar laifi a wuri kaza, ya kai wa alƙali. In alƙali ya gamsu, sai ya sa hannu. Wannan shi ne warantin bincike.

Abin lura shi ne waranti bai tabbatar da laifi a kan kowa ba. Mai gidan bai halarci zaman ba, ba shi da lauya a wurin, bai ma san ana zancensa ba. Bakin ɗan sanda kaɗai alƙali ya ji. Kuma warantin bincike wuri yake nufi, ba lallai mutum ba. Ana iya bayar da shi a kan gidan da ba a tuhumar ko mutum ɗaya a cikinsa, don kawai ana zaton wani ya ajiye wani abu a can. Haka aka yi wa Taylor. Tsohon saurayinta ake bincike a kan sayar da ƙwaya, kuma a daren ma a wata unguwa daban aka kama shi.

Ta fuskar yadda ake shiga, waranti iri biyu ne. Akwai wanda ya wajabta a ƙwanƙwasa ƙofa, a bayyana cewa 'yan sanda ne, a jira a buɗe. Akwai kuma wanda alƙali ya yafe wannan sharaɗi, wanda za mu iya kira warantin shiga ba sallama.

Yadda sallama ta koma daƙiƙa 15

Mu da muka tashi da sanin cewa baƙo a zaure yake tsayawa, ya yi sallama har sau uku, in ba a amsa ba ya juya, ba mu buƙatar dogon bayani kan hikimar wannan ƙa'ida. Turawa ma suna da irinta a dokarsu. Tun a wata shari'a da aka yi a Ingila a 1604 alƙalai suka ce gidan mutum shi ne ganuwarsa, kuma ko jami'in sarki ne sai ya faɗi abin da ya kawo shi ya nemi a buɗe masa kafin ya fasa ƙofa. Amurka ta gaji wannan ƙa'ida.

Yaƙi da miyagun ƙwayoyi ne ya fara cin ta kamar gara. A 1970, zamanin Shugaba Nixon, majalisa ta ba jami'an tarayya damar shiga ba sallama. Ba a je ko'ina ba ɓarna ta bayyana. A 1973 jami'ai suka afka wa gidajen mutanen da ba su ji ba ba su gani ba a garin Collinsville na jihar Illinois, kuma a 1974 majalisar ta soke dokar da kanta.

Abin da majalisa ta rufe, kotuna suka buɗe shi sannu a hankali. A 1995 Kotun Ƙoli ta ce ƙwanƙwasa ƙofa ɓangare ne na tsarin mulki, amma akwai togaciya. A 1997 ta fayyace togaciyar: ya isa ɗan sanda ya nuna zato mai ma'ana cewa sallama za ta jefa shi cikin haɗari, ko za ta ba mai gida damar ɓatar da shaida. A shari'ar ƙwaya kuwa wannan zato ba ya wuyar samu, tunda hodar iblis aba ce da ake zubawa a masai a kora da ruwa.

Sai shari'ar 2003, wadda a ganina ita ce ta fi kowacce tasiri a zahiri. 'Yan sanda sun je gidan wani mutum a jihar Nevada da rana tsaka, suka buga ƙofa, suka jira daƙiƙa 15 zuwa 20, suka ɓalle ta. Mutumin yana banɗaki yana wanka, bai ji komai ba sai ƙarar faɗuwar ƙofa. Kotu ta ce jiran ya isa, domin abin aunawa shi ne lokacin da zai ishi mutum ya zubar da hoda, ba lokacin da zai ishe shi ya iso bakin ƙofa ba. A 2006 kuma, a wata shari'a daga Detroit inda jami'ai suka jira daƙiƙa uku zuwa biyar kacal, alƙalai biyar cikin tara suka ce ko an karya ƙa'idar sallama, shaidar da aka samo tana nan daram a gaban kotu. Daga ranar, ɗan sandan da ya ƙi jira ba ya asarar shari'arsa.

Ka auna daƙiƙa 15 da kanka. Mutum yana cikin barci mai nauyi, ya ji bugu, ya farka bai gama tantance ko mafarki yake ba, ya lalubi riga a duhu. Kafin ya kai tsakar ɗaki lokacin ya ƙare. Ga mai barci, waranti mai sallama da marar sallama kusan abu guda ne.

Rundunar ceton rai da ta koma neman ƙulli

Su wa ke zuwa bakin ƙofar? Galibi rundunar da ake kira SWAT ce, 'yan sanda masu horo irin na soja, da hular kwano da rigar sulke da manyan bindigogi. Suna tafe da gungumen ƙarfe na ɓalle ƙofa, da wani gurneti mai tsananin ƙara da walƙiya wanda ake jefawa don ya makantar da na ciki ya kurmantar da su na ɗan lokaci.

A birnin Los Angeles wannan runduna ta yi suna a ƙarshen shekarun 1960, bayan tarzomar unguwar Watts ta 1965, kuma sunan Daryl Gates, wanda daga baya ya shugabanci 'yan sandan birnin, shi ake dangantawa da ita. An kafa ta ne don abin da ya fi ƙarfin ɗan sanda na yau da kullum: ɗan bindigar da ya hau bene yana harbin jama'a, ko wanda ya yi garkuwa da mutane. Babu mai hankalin da zai ce ba a buƙatar irin wannan.

Matsalar ita ce irin waɗannan ranaku ba su da yawa, runduna kuma tana cin kuɗi kullum. Garin da ya sayi kaya ya horar da mutane dole ya nema musu aikin yi, kuma aikin da ba ya yankewa shi ne samamen ƙwaya. Abubuwa biyu suka ƙara rura wutar. Na farko, dokar 1984 da ta ba 'yan sanda damar cin kaso daga kuɗi da dukiyar da suka ƙwace a binciken ƙwaya, wanda ya mayar da samame hanyar samun kuɗin shiga. Na biyu, shirin nan mai lamba 1033 na ma'aikatar tsaro, wanda tun shekarun 1990 ke raba wa 'yan sanda rarar kayan soja kyauta. Kayan da aka raba sun haura na dala biliyan 7, har da motoci masu sulke da aka ƙera don titunan Iraƙi da Afganistan, suka ƙare a ƙananan garuruwa.

Farfesa Peter Kraska na jami'ar Eastern Kentucky ya ƙiyasta cewa a farkon shekarun 1980 ana fitar da irin wannan runduna kimanin sau 3,000 a shekara a faɗin ƙasar. Zuwa shekarun 2000 adadin ya haura 40,000. A 2014 ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta ACLU ta duba fita sama da 800 da aka yi a 2011 da 2012. Ta gano kashi 79 cikin 100 don binciken gida aka yi su, kashi 62 neman ƙwaya ne, kashi 7 kawai suka shafi garkuwa da mutane ko ɗan bindiga. Cikin mutanen da samamen binciken ya shafa, kashi 42 baƙar fata ne, alhali ba su wuce kusan kashi 13 na al'ummar ƙasar ba. A nan wariyar ta fi fitowa fili: a zaɓen unguwar da ake kai wa irin wannan ziyara.

Duk da haka bai tsaya kan talaka ko baƙi ba. A Janairun 2006, a gundumar Fairfax ta jihar Virginia, an tura SWAT ta kamo wani likitan ido da ake zargi da cacar wasanni. Ya fito ƙofar gidansa hannu rabbana, harsashin wani jami'i ya same shi a ƙirji ya mutu, aka ce kuskure ne. A Yulin 2008 aka afka gidan Cheye Calvo, magajin garin Berwyn Heights a jihar Maryland, saboda wani kwalin wiwi da masu fasa-ƙwauri suka aiko da adireshin gidansa ba da saninsa ba. Aka harbe karnukansa biyu, aka ɗaure shi da surukarsa na sa'o'i, sannan daga baya aka wanke shi tas.

Dokoki biyu da ke karo a bakin ƙofa ɗaya

A nan ne zancen ya fi ɗaure kai. Amurka ƙasa ce da kusan gida huɗu cikin goma akwai bindiga, kuma dokokin yawancin jihohi sun ba mai gida damar harbin wanda ya fasa masa gida. Ita kuma dokar da ta shafi ɗan sanda, bisa hukuncin Kotun Ƙoli na 1989, tana auna shi ne da abin da jami'i mai hankali zai yi a daidai wannan lokaci. In ya ga bindiga ko aka harbe shi, yana da damar mayar da wuta. Don haka idan aka ɓalle ƙofa a duhu, ana iya samun mutum biyu suna harbin juna, kowannensu doka na bayansa.

Abin da ya faru a Louisville ke nan. Wajen ƙarfe 12:40 na dare, Taylor da saurayinta Kenneth Walker suna kwance suka ji ana dukan ƙofa. Jami'an, waɗanda ke sanye da kayan gida, sun ce sun bayyana kansu duk da cewa warantinsu na shiga ba sallama ne. Walker ya ce sun yi ta tambayar ko wane ne ba su ji amsa ba, kuma mafi yawan maƙwabtan da aka tambaya sun ce ba su ji an ambaci 'yan sanda ba. Da ƙofa ta faɗi, Walker, wanda ke da lasisin bindigarsa, ya yi harbi ɗaya, ya sami wani jami'i a cinya. Jami'ai uku suka mayar da harsashi 32. Taylor ta faɗi a barandar cikin gidanta. Walker ya ɗauki waya ya kira lambar gaggawa yana kuka, yana cewa wani ya fasa musu ƙofa ya harbi budurwarsa. Wato har a lokacin 'yan sanda yake kira su kawo masa ɗauki. Ba a sami ƙwaya a gidan ba.

An tuhumi Walker da yunƙurin kashe ɗan sanda, daga baya aka janye. Jami'ai biyun da suka yi harbi daga bakin ƙofa ba a gurfanar da su ba, domin an ce kare kansu suka yi. Ka ga doka ta wanke ɓangarorin biyu, ga kuma gawa a kwance. Idan haka ta faru, laifin yana wurin wanda ya tsara haɗuwar tasu a wannan sa'a ta wannan hanya.

Hujjar 'yan sanda

Ba adalci ba ne a yi kamar 'yan sanda ba su da abin cewa. Dillalan ƙwaya da yawa suna riƙe da makamai, kuma jami'in da ya tsaya a bakin ƙofa yana sallama ya zama abin hari ga wanda ke ciki. Suna cewa shammata ita ce kariyarsu: a shiga da sauri, a cika ɗaki da ƙara da haske, kafin na ciki ya kai hannu ga bindiga an danne shi. Suna kuma tuna wa jama'a cewa ƙwaya ba wasa ba ce. A shekarun 2021 zuwa 2023 Amurkawa sama da 100,000 ke mutuwa duk shekara saboda shan ƙwaya fiye da kima, don haka kiran dillali wanda ba ya zubar da jini bai faɗi duka gaskiya ba.

Wannan magana tana da nauyi, kuma a kan mutumin da aka san ya taɓa kisa ko ya yi alwashin harbin jami'ai ba na jayayya da ita. Inda ta raunana shi ne wajen da'awar cewa shammata na kare jami'ai. Binciken jaridar New York Times ya ƙirga fararen hula aƙalla 81 da jami'ai 13 da suka mutu a irin wannan samame tsakanin 2010 da 2016. A Disamban 2013, a gundumar Burleson ta jihar Texas, wani mai gida ya harbe jami'in da ya shigo masa ba sallama da asuba don neman shukar wiwi, kuma kwamitin 'yan ƙasa da ke duba tuhuma ya ƙi gurfanar da shi kan kisa, domin ya yarda ɓarayi ya zata. A 2018 Jonathan Mummolo na jami'ar Princeton ya yi nazarin alƙaluma, ciki har da na Maryland, bai ga alamar cewa waɗannan rundunoni sun rage manyan laifuka ko sun rage kai wa jami'ai hari ba. Ita kanta ƙungiyar jami'an SWAT ta ƙasa ta fito a 2022 ta ce shiga ba sallama don ceto shaidar ƙwaya bai cancanci a saka rai a haɗari ba.

Kuma akwai wasu hanyoyin da 'yan sanda suka sani sarai. Ana iya kewaye gida a yi kira da lasifika a ce kowa ya fito. Ana iya jiran mutum ya fita sayayya a tare shi a hanya, sannan a koma gidan da mukullinsa. Abin da za a iya rasawa shi ne ɗan abin da masai zai haɗiye, kuma dillalin da duk hajarsa za ta wuce a kora ɗaya ba shi ne babban kifi ba.

Idan takardar kanta ƙarya ce

Tunda baki ɗaya alƙali ke ji, komai ya rataya ne a kan gaskiyar mai rantsuwa, kuma a nan ne mai dokar barci yakan ɓige da gyangyaɗi. A shari'ar Taylor, takardar ta ce jami'in gidan waya ya tabbatar ana kawo wa wanda ake zargi saƙonni a gidanta. Ba haka ba ne, kuma a 2022 wata jami'a ta amsa a gaban kotun tarayya cewa ta taimaka wajen shirya ƙaryar. A Atlanta a 2006, Kathryn Johnston, tsohuwa mai shekara 92, ta yi harbi ɗaya da ta ji ana ɓalle mata ƙofa, aka mayar mata da 39. Jami'an sun ƙirƙiri labarin ɗan rahoton da ya sayi ƙwaya a gidan, bayan sun harbe ta kuma suka ajiye wiwi a ciki. Uku daga cikinsu sun tafi gidan yari. A Houston a 2019 aka kashe mata da miji a kan irin wannan ƙagen, kuma a 2024 aka yanke wa jami'in da ya kitsa shi ɗaurin shekara 60.

Ko ba ƙarya, akwai sakaci. A Mayun 2014, a gundumar Habersham ta jihar Jojiya, an jefa gurnetin walƙiya cikin wani ɗaki da dare, ya faɗa gadon jariri ɗan wata 19 ya ƙona masa fuska da ƙirji. Wanda ake nema ba ya gidan. Daga baya aka kama shi a wani wuri cikin ruwan sanyi.

Hukunci irin na Atlanta da Houston ba kasafai ake ganinsa ba. Abin da aka saba shi ne diyya, kuma daga aljihun gari take fita, wato harajin jama'a. Louisville ta biya iyalin Taylor dala miliyan 12. Jami'i shi kansa yana da rigar kariya da kotuna suka ɗinka masa, wadda ke sa ƙararsa ta yi wuya sai an nuna ya keta wani haƙƙi da shari'ar baya ta riga ta fayyace.

Abin da ya sauya bayan 2020

Louisville ta haramta shiga ba sallama a Yunin 2020. Virginia ta bi sahu a shekarar, Connecticut da Tennessee a 2021, suka tarar da Florida da Oregon da suka daɗe da hanawa. Kentucky taƙaitawa ta yi. Jami'in da ya yi ta harbi ta tagogi masu labule a gidan Taylor, har harsasansa suka shiga ɗakin maƙwabta, kotun tarayya ta same shi da laifi a Nuwamban 2024.

Sai dai hana takarda marar sallama kaɗai gudun gara ne a faɗa gidan zago, muddin daƙiƙa 15 na nan a matsayin jira. Jami'an Louisville ma ai cewa suka yi sun ƙwanƙwasa. Gyaran da ke taɓa tushe shi ne wanda ya ƙayyade tsawon jira, ya hana samamen dare sai da dalili na musamman, ya tilasta kayan sarki da kyamarar jiki, ya kuma sa a rubuta wa jama'a sau nawa aka fita da abin da aka samo. Maryland ta yi irin wannan doka ta bayar da rahoto a 2009 bayan abin da ya sami Calvo, amma aka bar wa'adinta ya ƙare a 2014.

Inda zancen ya taɓo Najeriya

Sunan SWAT ba baƙo ba ne a kunnenmu. Shi ne sunan da Sufeto Janar na lokacin, Mohammed Adamu, ya raɗa wa rundunar da ta maye gurbin SARS a Oktoban 2020. Samamen dare kan wanda ba a zarginsa da zubar da jini shi ma mun gan shi. A Oktoban 2016 jami'an DSS suka shiga gidajen alƙalai cikin dare, har da na Kotun Ƙoli, kan zargin cin hanci. A Nuwamban 2023 EFCC ta kai samame ɗakunan kwanan ɗaliban jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife cikin dare ta kwashi gommai kan zargin damfarar intanet, abin da ya sa shugabanta Ola Olukoyede ya hana samamen dare.

Mai gida a nan galibi ba shi da bindigar mayar da martani, amma yana da nasa tsoron. A ƙasar da 'yan fashi da masu garkuwa ke zuwa da dare, wani lokacin ma cikin kakin jami'ai, ba shi da hanyar sanin wanda ke dukan ƙofarsa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi fasa ƙofa ne idan an nemi shiga ba a samu ba, har ta ce idan akwai matar da bisa al'ada ba ta fita bainar jama'a, a sanar da ita a ba ta damar kaucewa kafin a shiga. Amma ita dai wannan dokar ta halatta aiwatar da warantin bincike a kowane lokaci na kowace rana. Hanin da EFCC ta yi umarnin shugaban hukuma ne, kuma wanda ya gaje shi yana iya ɗage shi da takarda guda.